Ƙwan LED a Gadarif: Sauƙi ne ya Samu, ko Araha ce da ba ta Ado?

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a kasuwar Gadarif ta Sudan yau ya ce a ba shi ƙwai, ba za a tambaye shi wane iri ba. Farin ƙwan LED mai gindin roba za a miƙo masa, sai dai a tambaye shi wat nawa yake so, kuma na tsada ko na araha. Tsohon ƙwan gilashi mai zare a ciki ya ja da baya ba tare da an yi shela ba, doguwar fitilar nan mai farin bututu ma tana bin sawunsa. Amma cin kasuwa daban, samun yardar mutane daban. A wurin mai shayi da bakin masallaci bayan Isha'i har yanzu ana ja-in-ja a kansa. Wasu na cewa tun da aka kawo lantarki garin nan ba a taɓa kawo abin da ya taimaki talaka kamar wannan ƙwai ba. Wasu kuma na cewa yaudara ce tsagwaronta: an rubuta a kwali zai yi shekaru, ga shi ba ya ganin damina biyu. Kowane ɓangare da abin da ya gani da idonsa yake magana, shi ya sa batun ya cancanci a zauna a auna shi.

Sai an san yadda ƙwayayen biyu ke ba da haske kafin a gane inda gardamar ta dosa. Tsohon ƙwai dabararsa ɗaya ce, zafi. A cikin gilashin akwai siririn zare na ƙarfen tangistin. Wuta ta bi ta cikinsa, ya ɗau zafin da ya kai wajen digiri 2,500 a ma'aunin Salsiyas, sai ya haska. Abin da maƙeri ke yi ke nan in ya zuga ƙarfe har ya yi ja, ya ƙara zugi ya koma fari-fari. Abin da zaren ya fi fitarwa zafi ne, haske ɗan rakiya ne kawai. Sama da kashi 90 cikin 100 na wutar da mutum ya saya wajen ɗumama ɗaki take tafiya. A ƙasar sanyi a iya cewa ba a yi asara duka ba. A Gadarif kuwa, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, mutum ya biya kuɗi ne ya ƙara wa kansa zafi, sannan ya sake biya don fanka ta kore shi.

LED ba ta wannan hanya yake bi ba. In aka cire farar hular robar da ke kansa, za a ga zagayayyen faifan alminiyam, a kansa an jera rawayen ɗigo-ɗigo, kowanne bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Ƙarƙashin kowane ɗigo akwai ɗan gutsuren sinadari mai hawa biyu manne da juna. Hawa ɗaya an shirya shi da rarar ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin nan da gudunsu cikin waya shi ne abin da muke kira wutar lantarki. Ɗaya hawan kuma an shirya shi da gurabu waɗanda ilektaron zai iya cikewa. Da an kunna wuta sai ta ingiza ilektaron zuwa mahaɗar hawa biyun, su riƙa faɗawa cikin guraben. Duk wanda ya faɗa sai ya saki ƙarfin da yake ɗauke da shi, ƙarfin nan kuwa a matsayin haske yake fitowa kai tsaye. Babu zaren da za a gasa, babu jiran wani abu ya yi ja. Launin hasken kuma sinadarin ne ke yanke shi: in tazarar da ilektaron ke faɗawa babba ce, haske ya karkata wajen shuɗi, in ƙarama ce, ya karkata wajen ja.

Wannan batu na launi shi ya tsare masana shekara talatin. Jan LED ya samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka, amma aikinsa bai wuce ɗan jan ɗigon da ke nuna rediyo a kunne take ba. Ba a yin farin haske sai da shuɗi, shuɗin kuwa ya ƙi samuwa. Sai farkon shekarun 1990 Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, duk a Japan, suka shawo kan wani sinadari da ake haɗawa daga galiyam da naitirojin, ya ba da shuɗin haske mai ƙarfi. A kan wannan aiki aka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Rawayen da ido ke gani a kan faifan shafe ne na wata hoda da ke shanye wani ɓangare na shuɗin ta mayar da shi rawaya. Ragowar shuɗin ya gauraya da rawayan, ido ya ga fari.

To, me wannan ke nufi ga aljihu? Wat awon wutar da ƙwai ke sha ne, ba awon haskensa ba. Haske da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800. Ƙwan LED na ƙwarai yana ba da wannan hasken da wat 8 zuwa 10. A ce gida na da ƙwai shida, ana kunna su awa biyar kowane dare. Da tsoffin ƙwayaye, wat 360 ake ja, a wata ɗaya an sha kilowat-awa 54. Da LED mai wat 9, wat 54 ake ja, a wata abin bai wuce kilowat-awa 8 da ɗoriya ba. A ƙasar da mita ta biya-kafin-ka-sha ce, kuma kuɗin wuta ya yi ta hawa tun da aka fara janye tallafi a 2021, wannan ba lissafin takarda ba ne. Maigida yana ganinsa a fuskar mita, yana ganin kwana nawa kuɗin da ya zuba ke kai shi. A kan wannan gaɓa masu yabon LED ba su da abokin gardama, kuma ban taɓa jin mai ƙorafi ya musa ta ba.

Sai dai a ganina hujjarsu mafi ƙarfi ba a gidan mai mita take ba, a wurin wanda ba shi da wutar gwamnati take, ko wanda ke da waya amma wayar ba komai a cikinta. Gadarif ba ta rasa inda wuta za ta zo mata ba. Layin da ya haɗa Sudan da Habasha, wanda aka buɗe a ƙarshen 2013, a nan ya sauka. Madatsun Atbara ta Sama da Setit, masu ƙarfin megawat 320, ba su da nisa da garin Shuwak, kuma tun 2017 suke aiki. Ga madatsar Marawi a arewa da megawat 1,250, ga ta Rusairis a kan Shuɗin Nilu. Duk da haka ƙauyuka da dama ba su taɓa ganin turken wuta ba, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, na cikin gari ma sun koyi zama da duhu. A watan Janairun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar wuta ta Shuwak, Gadarif da Kasala suka kwana babu lantarki. A irin wannan hali mutum ba ya tambayar nawa zai rage a mita. Tambayarsa ita ce, batirin nan zai kai ni asuba?

A nan lissafin ya fi daɗin ji. Batir mai volt 12 da amfiya 100, irin wanda ake haɗawa da faifan sola, in ana so ya yi ƙarko rabin cajinsa ake sha, wato wajen wat 600 na awa ɗaya. Tsohon ƙwai guda mai wat 60 zai cinye wannan cikin awa goma. Ƙwan LED biyar masu wat 9 za su haska ɗaki uku da tsakar gida da ƙofar gida sama da awa goma sha uku a kan wannan batirin. Da a ce har yanzu ƙwan zare ne kaɗai a duniya, da sola ta tsaya a gidajen masu hali, domin faifai da batirin da za su ɗauke shi sun fi ƙarfin manomi. LED ne ya sa ɗan faifan da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya ya wadatar da ɗaki, har a samu rarar cajin waya.

Wanda ya san karkarar Gadarif ya san darajar wannan. Tun shekarun 1940 da aka fara noman inji a yankin Gadambaliya, ƙasar nan ta zama rumbun dawa da riɗin Sudan, amma leburorin da ke yankan riɗi a kaka a sansanonin gona suke kwana, nesa da kowane layin wuta, cikin baƙar ƙasa mai tsagewa da kunama da maciji ke fakewa a ciki. 'Yan uwanmu Hausawa, jikokin waɗanda suka biyo hanyar Hajji suka yada zango, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu a ƙauyuka da unguwannin gefen gari suke, cikin ɗakunan ciyawa irin na wannan yanki. Fitilar kananzir a ɗakin ciyawa kowa ya san haɗarinta: iska ta kaɗa, ko yaro ya yi tuntuɓe da ita, kafin a ɗebo ruwa wuta ta tsallaka gidan maƙwabci. Ga hayaƙin da ke baƙanta hanci da jinka, ga hasken aci-bal-bal da bai isa a karanta rubutun allo ba sai an kai fuska kusa da harshen wuta. Ƙaramar fitilar LED mai caji ta ninka ta haske, ba ta da harshe, ba ta da hayaƙi. Almajiran da a da sai sun yi itace kafin su yi karatun dare, yanzu ƙwai ɗaya a jikin reshe ya ishe su. Haka kuma dubban da suka gudo daga Wad Madani a Disambar 2023 suka cika makarantun garin nan, da 'yan gudun hijirar Tigirai da ke sansanin Um Rakuba tun ƙarshen 2020: ga macen da za ta fita bayan gida tsakar dare a wurin da ba ta san kowa ba, tocila mai riƙe caji kariya ce ga mutuncinta da lafiyarta.

Akwai kuma batun guba. Fitilar bututu da murɗaɗɗen ƙwan nan da aka taɓa tallatawa a matsayin mai tsimin wuta, duk suna ɗauke da zaiba a ciki, in sun fashe ta fita iska. Ƙasashen Afirka ne suka gabatar da buƙatar a daina yin su ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata, aka kuma amince a daina ƙera murɗaɗɗen a ƙarshen 2025, dogayen bututun kuma zuwa 2027. LED ba shi da zaiba.

Zuwa nan mai karatu zai ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma masu ƙorafi ba jahilci ke sa su magana ba.

Babban kukansu ƙarko ne. A jikin kwali za ka ga awa 15,000, ko 25,000, wani har 50,000. Awa 15,000, in ana kunnawa awa biyar a dare, ta haura shekara takwas. Wa ya ga ƙwan kasuwa ya yi shekara takwas a garin nan? Abin da aka saba gani shi ne ya yi 'yan watanni ya fara ƙyafta ido, ko ya dusashe, ko a kunna a ji shiru. Na tsaya a kan mai gyaran rediyo yana buɗe irin waɗannan matattun ƙwayaye, abin da ke ciki kusan kullum iri biyu ne. Ko dai a ga ɗaya daga cikin rawayen ɗigon ya yi baƙin tabo a tsakiya, alamar ya ƙone. Tun da a jere suke kan layi ɗaya, mutuwar guda ta kashe saura. Ko kuma a ɗaga faifan a tarar da ɗan kafasito, wani ɗan gwangwani da bai kai kan ɗan yatsa ba, ya kumbura a sama, wani lokaci har ya tsiyayar da ruwansa a kan allon. Mai gyara ya kankare ɗigon da ya ƙone, ya ɗiga dalma ya haɗe gurbin, ƙwai ya kama. Amma shi da kansa zai gaya maka, Alhaji, wannan na ɗan lokaci ne, domin in ƙwan mai arahar na'ura ne, ragowar ɗigon sun ƙara ɗaukar nauyi ke nan.

Dalilin wannan mutuwar wuri shi ne zafin da aka ce LED ba ya yi. Gaskiyar magana yana yi. A ƙwan da ke ba da lumen 100 a kowane wat, wajen kashi biyu cikin uku na wutar zafi take zama. Kaɗan ne in an gwada da tsohon ƙwai, wat shida ne a kan wat hamsin da wani abu, amma bambancin shi ne tsohon ƙwai yana watsa zafinsa waje kuma zafi ba ya damunsa, shi kuwa LED zafinsa a gindinsa yake taruwa, daidai inda ɗigon da na'urar daidaita wuta suke, kuma dukansu biyu zafi ne ajalinsu. Masu aikin lantarki suna da ƙa'idar da suka daɗe da sani game da irin wannan kafasito: duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Alƙaluman kwali a ɗakin gwaji mai sanyin digiri 25 aka saba auna su. Ɗauki wannan ƙwai ka rataya shi ƙarƙashin rufin kwano a Gadarif cikin watan Mayu, ka ƙara rufe shi cikin kwanson gilashi don ado, sannan ka lissafa da kanka.

A nan gizo ke saƙar, domin masana'anta sun san maganin. Ɗigon LED in aka ba shi wuta sama-sama ya fi ba da haske a kowane wat, ya fi sanyi, ya fi daɗewa. Kamfanin Philips ya nuna haka a fili a ƙwan da ya yi wa birnin Dubai a 2016: ya ninka yawan ɗigon, ya rage wa kowanne nauyi, aka samu lumen 600 daga wat 3 kacal, kuma Dubai ba ta fi mu sanyi ba. Mai yin ƙwan araha akasin haka yake yi. Ya rage ɗigon, ya matsa wa 'yan kaɗan ɗin wuta har iyakar ƙarfinsu, ya rage kaurin alminiyam, ya sa kafasito mafi arha. A shago ƙwan zai yi haske tar, mai saye ya yi murna. Kwanansa ne aka sayar. Wasu ma ƙarya suke rubutawa, a ce wat 15 alhali bai kai ba. Masu ƙorafi suna tuna cewa wannan ɗabi'a tana da tarihi: a 1924 manyan kamfanonin ƙwan duniya sun haɗa kai a Janiba, cikin ƙungiyar da aka sani da Phoebus, suka tsayar da kwanan ƙwai a awa 1,000 don ciniki ya ci gaba. Yau ba sai an yi taro ba, gasar araha kaɗai ta isa ta gajarta kwanan ƙwai. Kuma tun da darajar fam ɗin Sudan ta zube, ɗan kasuwa abin da mutane za su iya saye yake shigowa da shi. Talakan da aka ce LED ya zo ya taimaka, shi ne ke sayen mafi muni, shi ne ke komawa shago sau uku a shekara.

Batun hawa da saukar wuta kuwa kaifi biyu gare shi. Ƙwan LED mai na'ura ta ƙwarai yana riƙe haskensa ko da wuta ta yi ƙasa sosai da volt 230 da ya kamata ta zo da shi, a lokacin da ƙwan zare zai koma ja kamar zai mutu, fitilar bututu kuma ta ƙi kamawa sam. Amma in aka dawo da wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko janareto ya yi tsalle, na araha shi ne farkon tafiya.

Sai kukan ido. Yawancin abin da ke kasuwa farin nan ne fat mai sirkin shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K, domin mutane na ɗauka shi ya fi haske. Tsofaffi na cewa yana kashe musu ido, kuma suna da gaskiya ta wani fanni: haske mai yawa daga ɗan ƙaramin wuri yana ɗaukar ido, musamman in babu hula a kansa, kamar fitilun da masu babur da raksha ke ƙarawa. Bincike ya kuma tabbatar cewa haske mai yawan shuɗi da dare yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci. Na araha suna da wata ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa wadda ido ba ya kamawa amma wasu tana sa su ciwon kai. In ka haska kyamarar waya a kan ƙwan ka ga baƙaƙen layuka na gudu, to yana da ita. Ga launi: ƙwan da aka yi wa ƙwauron hoda yana sauya kamannin abu. Mai sayar da yadi ya san haka, haka ma wanda ke duba farin riɗi, wanda farashinsa ya rataya a kan farinsa. Babu dillalin kirki da zai yanke ciniki ƙarƙashin irin wannan haske. Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai ba laifin LED ba ne, laifin zaɓi ne, domin akwai mai ɗumin launi, 2700K ko 3000K, wanda ya fi sanyi a ido, kuma ƙwarin damina ba su cika taruwa a kansa kamar farin ba.

Hujja biyu suka rage, kuma su suka fi sa ni tunani. Ta farko tsohuwa ce. A 1865 masanin tattalin arziki na Ingila William Stanley Jevons ya lura cewa da injuna suka rage shan gawayin kwal, sai aka ƙara ƙona kwal ɗin, domin araha ta jawo ƙarin amfani. Haka haske. Wanda a da ke kashe ƙwai in zai fita yanzu yana barinsa har rana ta take, shagon da ke da ƙwai biyu ya jera goma. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna faɗin wuraren da ke haskake da dare a duniya ya riƙa ƙaruwa da wajen kashi 2 cikin 100 kowace shekara tsakanin 2012 da 2016, daidai lokacin da LED ke yaɗuwa. Na yarda wannan abin dubawa ne ga biranen da suka ƙoshi da haske. Amma ban yarda a kawo shi hujja a kan Gadarif ba. Gidan da ya tashi daga aci-bal-bal ɗaya ya koma ƙwai uku bai yi almubazzaranci ba, haƙƙinsa ne ya fara samu.

Ta biyu ita ce wadda ba ni da amsar da za ta rushe ta. Haske ɗan ƙaramin yanki ne na buƙatar lantarki. Ƙwan LED ba ya juya injin da ke turo ruwa daga Shuwak zuwa garin da ya daɗe yana fama da ƙishirwa. Ba ya sanyaya allurar rigakafi, ba ya tayar da injin matsar man riɗi ko na niƙa, ba ya riƙe ɗakin tiyata. Akwai haɗarin a raba wa mutane 'yan fitilun sola, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an kai musu wuta. Ga kuma tarin matattun fitilu masu caji a juji, da batiransu na dalma da lithiyam, inda yara ke wasa da awaki ke kiwo, babu wanda ke tattara su. Mai wannan ƙorafi ba ƙin LED yake yi ba, tsoro yake kada ɗan sauƙin ya sa a manta da babban bashin da ke kan hukuma. Wannan tsoro ina tare da shi.

Da na auna duka, ga inda na tsaya. Tsimin wutar LED tabbas ne, daga yadda aka gina shi ya fito, ba tallar kamfani ba ce. Ko mafi munin ƙwan kasuwa, muddin yana ci, bai kusa shan wutar ƙwan zare ba. Alƙawarin ƙarko shi ne ake saɓawa, kuma masu saɓa shi mutane ne da ake iya kamawa. Saboda haka masu yabo da masu ƙorafi ba a kan abu ɗaya suke gardama ba: na farko fasahar suke yabo, na biyu kasuwar suke kuka da ita, kuma komawa ƙwan zare ko kananzir ba zai share wa kowa hawaye ba.

Mai saye na da abin da zai iya yi tun yau. Ya nemi adadin lumen a kwali, ba wat kaɗai ba. Kwalin da bai rubuta lumen ba a bar shi. Ya ɗaga ƙwan a hannu, wanda ya ji shi sakayau kamar babu komai a gindinsa ba shi da abin kwashe zafi. Ƙwai biyu masu wat 7 sun fi guda mai wat 15 daɗewa a ɗakin kwano, kuma kada a kulle su cikin kwanso. Ɗakin kwana a sa mai ɗumin launi. Wanda zai sayi fitilar sola ya tambayi ko tana cikin waɗanda suka ci gwajin inganci na VeraSol, tsarin da ya gaji shirin da Bankin Duniya ya fara don Afirka a 2007.

Amma nauyin bai kamata ya ƙare a kan mai saye ba, domin ba shi da ɗakin gwaji. Hukumar kula da ingancin kaya da ma'auni ta Sudan ita ke da ikon tsayar da kwantena a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, ta auna abin da aka rubuta a kwali, ta mayar da na ƙarya, ta kuma sa ido a kan abin da ke shigowa ta kan iyaka a Gallabat. Ina kira gare ta da ta sa gwajin zafi cikin sharuɗɗanta, gwajin da ya yi daidai da bazararmu ba ta Turai ba. Ku kuma 'yan kasuwarmu na Gadarif, manya da ƙanana, akwai abin da ba ya buƙatar jiran doka: ku rubuta ranar ciniki a gindin kowane ƙwai da kuka sayar, in ya mutu kafin shekara ku canza wa mai shi, ku kuma ku mayar wa wanda ya kawo muku.